Kanwa Ta Kar Tsami: Ke Ma Kina da Abin Koya wa 'Yarki Kafin Jarrabawa

A nan wajenmu Kura sanyi ya ɗaga, zafi ya fara leƙo kai, masu alkama suna shirin yanka, kwandunan tumatir kuwa sun cika bakin titi tun daga Kadawa har Kwanar Gafan. Lokaci ne na samu ga magidanta, kuma lokaci ne na yawan aiki ga matan gida. Abin da muke yawan mantawa shi ne, waɗannan 'yan makonni su ne suka rage wa 'ya'yanmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare kafin jarrabawar WAEC da ake yi wajen Mayu da Yuni, da ta NECO da ke biyo bayanta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wata ɗalibata ce a Islamiyyar da nake koyarwa da yamma. Yarinya ce mai kaifin hadda, ban taɓa biya mata shafi sau uku ba. Kwanakin baya sai na ga ta fara tuntuɓe a tilawa, idanunta jawur kamar wadda ba ta samun barci. Da aka tashi na tsayar da ita na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "Wallahi Malama kemistiri ne ya hana ni sakat." Ta zaro littafinta daga jaka ta buɗe mini babin da ake kira asid da bes. Na ce ta faɗa mini abin da ta sani. Sai ta lumshe ido tana rangaji irin na mai hadda, ta zubo mini ma'anoni uku da Turanci, ko harafi ɗaya ba ta ci ba. Da ta gama na ce, "Madalla. To kanwar da Ummanki ke zubawa a ƙullun waina, asid ce ko bes?" Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, ba a koya mana wannan ba."

Ban ga laifinta ba, domin ni ma haka na yi nawa karatun a sakandare. Sai da na je kwalejin horar da malamai na karanta kimiyya sannan na gane ashe abin da na sha wahalar haddacewa yana nan a madafar mahaifiyata tun ina goye. Hadda abu ce mai kyau, ni da nake koyar da ita ba zan raina ta ba. Amma masu shirya jarrabawa sun san yaranmu gwanayen hadda ne, saboda haka ba sa tsayawa ga "kawo ma'anar kaza". Sai su ajiye wa yarinya sinadarin da ba ta taɓa gani a littafinta ba, su ce ta faɗi ko mene ne shi, kuma don me. A nan mai karatun aku ke tsayawa cak.

Kada ki ce wannan ba matsalarki ba ce. Duk yarinyar da ke son karatun jinya ko ungozoma ko likita, sai ta kawo kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, bayoloji da kemistiri. Kiredit kuwa daga C6 ne zuwa sama. Idan ta samu huɗu ta faɗi kemistiri, makarantar ungozoma ta Dambatta ba za ta dube ta ba, sai dai ta jira wata shekarar, kuma mun san abin da zaman shekara guda a gida ke zama ga budurwa a ƙauyukanmu. Sau da yawa daga nan karatun ya ƙare ke nan. Mu ne kuma muke ƙorafi idan muka je awo ko haihuwa muka tarar babu mace da za ta duba mu.

Washegari na bi ta gidansu yarinyar. Na iske mahaifiyarta tana turara shinkafa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Malama, ni da ko aji ɗaya ban yi a boko ba, me zan tsinana mata? Addu'a dai nake yi." Na ce, "Yaya, addu'a ita ce gaba, amma ki gaya mini, idan ƙullun waina ya kwana ya yi tsami fiye da kima, me kike yi?" Ta ce, "Ruwan kanwa mana." Na ce, "Idan kika zuba me kike gani?" Ta ce, "Ya ɗan taso ya yi kumfa, tsamin ya mutu." Na ce mata rabin babin da ke hana 'yarta barci ke nan ta faɗa a tsaye da muciya a hannu.

To 'yar uwa, abin da na gaya mata shi zan gaya miki, ki ɗan ba ni hankalinki. Asid shi ne dangin tsami: tsamiya, lemon tsami, yakuwa, nono, tumatir ɗin nan da ya ishe mu. Bes kuwa dangin kanwa ne: kanwa, ruwan toka, sabulu, abubuwa masu ɗaci-ɗaci da santsi a hannu. Bes ɗin da ke narkewa a ruwa shi ake ce wa alkali, kuma ki lura ba alƙalin kotu ba ne, ko da yake duka biyun daga Larabci suka fito. Wannan asalinsa al-ƙalyu, wato tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa a tace ruwanta a yi sabulu, Turawa suka ari kalmar daga littattafan masanan Larabawa. Marinan garin nan na Kura, waɗanda rawaninsu ɗan Kura ya yi suna har ƙasar Buzaye, sun san baba ba ya kama zane sai an haɗa shi da toka a karofi. Da iyayenmu suka ce kanwa ta kar tsami ƙwarnafi ya kwanta, sun riga sun faɗi dokar. Abin da malaman kimiyya suka ƙara shi ne amsar tambaya ɗaya: me ya sa? Amsoshi uku suka bayar, su ne nazariyyoyi ukun da ake tambaya a jarrabawa.

Ta farko ta wani ɗan ƙasar Suwidin ce mai suna Arrhenius. A shekarar 1884 ya rubuta kundin digirinsa a kan cewa wasu abubuwa idan suka narke a ruwa suna rabuwa gida biyu, su zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da caji. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi makin tsira, amma a 1903 wannan aikin ne ya jawo masa lambar yabo ta Nobel. A wurinsa asid shi ne abin da in ya shiga ruwa yake sakin ƙwayar haidirojin, wadda za ki gani a littafin 'yarki an rubuta H+. Bes kuma shi ne mai sakin wata ƙwaya da ake rubuta OH-. Idan waɗannan biyun suka haɗu sai su zama H2O, wato ruwa tsantsa, ragowar kuma ya zama gishiri. Asid ɗin da ke cikin tumbinki, mai taso miki da ƙwarnafi, shi ne HCl. Idan aka haɗa shi daidai wa daida da sodar yin sabulu, NaOH, abin da zai fito gishirin miya ne da ruwa. Abubuwa biyu masu ƙuna sun kashe juna.

A nan zan ɗan ratse. Karin maganar gaskiya ne, amma kada ki mayar da shan jiƙon kanwa al'ada don maganin ƙwarnafi, musamman mai juna biyu da mai hawan jini, domin kanwa cike take da sinadarin sodiyom irin na gishiri.

Bayanin Arrhenius yana da kyau, sai dai yana da iyaka, kuma iyakar ce ake son yarinya ta iya faɗa. Na ɗaya, komai nasa sai a cikin ruwa. Na biyu, akwai abubuwan da kowa ya san bes ne, amma babu OH a jikinsu. Ga amoniya, wannan wari mai hawa kai da kike ji a ɗakin kaji, ko a gona idan an watsa takin yuriya a kan ƙasa ba a rufe shi ba. Ana rubuta ta NH3, duba da kyau, babu O a ciki balle OH. Abin da ya fi ba ni sha'awa ma, kanwar tamu ita kanta ta fi ƙarfin Arrhenius, domin ɗaya daga manyan sinadaran da ke cikinta ana rubuta shi Na2CO3, shi ma babu OH. To ta yaya take kashe tsami?

Amsar ta zo a 1923 daga mutum biyu da kowanne ya gano ta shi kaɗai, Bronsted a ƙasar Denmak da Lowry a Ingila, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Suka ce a daina kallon abin da ke jikin sinadari, a kalli abin da yake yi. Ƙwayar nan H+ ana kiran ta furoton. Duk wanda ya ba da furoton shi ne asid, duk wanda ya karɓa shi ne bes. Kanwa makarɓiya ce: tana haɗuwa da tsamin ƙullu sai ta karɓe furoton ɗinsa, daga nan iskar kabon ta fita, ita ce kumfar da kike gani. Amoniya ma makarɓiya ce. Kuma ba dole sai da ruwa ba, domin idan tururin amoniya ya gamu da tururin HCl a iska, farin hayaƙi suke yi nan take, ɗaya ya bayar ɗaya ya karɓa.

A wannan gaɓar ce yara suka fi zubar da maki, kuma a nan ne ke uwargida kika fi malamin aji abin misali, domin kin san biki. Idan ƙawarki tana aurar da 'ya kika kai mata biki, ke ce mai bayarwa, ita ce mai karɓa. Amma daga ranar lissafi ya juya: ita da ta karɓa ta zama mai abin bayarwa, ke da kika bayar kin zama mai jiran karɓa. Haka asid yake. Da zarar ya ba da furoton ɗinsa, abin da ya rage daga gare shi ya zama bes, don yana iya karɓa. Bes kuma da ya karɓa ya zama asid, don yanzu yana da abin bayarwa. Amoniya NH3 ta karɓa ta zama NH4+. HCl ya bayar ya zama Cl-. Waɗannan tagwayen su littafin ke kira konjuget, ni kuwa ina ce wa ɗalibaina abokan biki. Ƙa'idar da za ki riƙa tuna wa 'yarki guda ce: tsakanin abokan biki bambancin H ɗaya ne tak, ba biyu ba. Idan aka ce ta kawo abokin H2SO4, ta cire H ɗaya ta rubuta HSO4-. Da yawa sukan kwashe duka biyun don gaggawa, kuma masu jarrabawa sukan ajiye wannan amsar ta kuskure cikin zaɓin da suka bayar, suna jiran mai sauri.

Akwai kuma masu fuska biyu, kamar matar da ba ta rasa biki, yau ta kai gobe a kawo mata. Ruwa ne shugabansu: in ya haɗu da HCl sai ya karɓa, in ya haɗu da amoniya sai ya bayar. Littafin na kiran irin wannan hali amfoterik, kuma ana yawan tambayar misalinsa a cikin tsatsar wasu ƙarafa, irin alminiyom da zinki, waɗanda asid ke ci, alkali ma ke ci. Kin taɓa lura idan kika dafa wake da kanwa a tukunyar alminiyom cikinta yakan yi baƙi, in kuma kika tafasa tumatir ko tsamiya a ciki sai ta yi fes? Nuna wa yarinya tukunyar, ba za ta manta ba.

Nazariyya ta uku ba zan ɓoye miki ba, madafa ba ta kai mu can sosai, sai an koma ga littafi. Ta wani Ba'amurke ce mai suna Lewis, ita ma a 1923. Shi ya bar maganar furoton gaba ɗaya ya koma kan wasu ƙwayoyi da ake kira ilektiron, waɗanda ke tafiya bibbiyu. Ya ce bes shi ne mai ba da tagwayen ilektiron, asid shi ne mai karɓarsu. Da haka ya shigo da abubuwa irin BF3 da AlCl3, waɗanda ko ɗigon haidirojin babu a jikinsu amma suna aikin asid. Alminiyom ɗin da ke cikin alif, wanda muke jefawa a randa idan an ɗebo ruwan kanal mai laka, irin wannan makarɓin ne. Tarkon a nan a fili yake: a wurin Bronsted da Lowry asid ne mai bayarwa, a wurin Lewis asid ne mai karɓa. Ba saɓani ba ne, kayan da ake miƙawa ne suka bambanta. Yarinyar da ta haddace "asid mai bayarwa ne" kawai, ba ta riƙe me ake bayarwa ba, za ta juya su a ɗakin jarrabawa.

Saboda haka ba sai kin iya Turanci ba. Ki zaunar da ita bayan sallar isha'i, ki ce ta rufe littafin, ki yi mata tambaya uku a kan kowane ɗaya: wa ya faɗa, me ake miƙawa, wa ke miƙawa? Ta amsa miki da Hausa. In ta kasa faɗa da Hausa yadda ke za ki gane, to ita ma ba ta gane ba, ta koma ta sake dubawa. In ta iya, sai ta ɗauki biro ta rubuta da Turanci yadda za ta rubuta a ranar. Sannan ki tuna mata ukun ba kishiyoyi ba ne, kamar kwanukan jere suke, ƙarami cikin matsakaici, matsakaici cikin babba. Na Arrhenius ne ƙarami, na Lewis ne ya haɗiye su duka.

Yanzu ga wani gwaji da ba zai ci miki ko sisi ba. Jiƙa zoɓo kaɗan a ruwan zafi, ki tace, ki sirka shi da ruwa har ya yi haske. Ki raba a kofunan gilashi huɗu. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki matsa lemon tsami, za ki ga jan ya ƙara fitowa. Na uku ki zuba ruwan kanwa, na huɗu ruwan toka, za ki ga sun rine sun yi duhu suna komawa kore-kore. Sannan ki ɗauki lemon ki riƙa ɗigawa cikin kofin kanwar a hankali, zai yi kumfa, can sai jan ya dawo. Wannan shi ne aikin takardar litmos da suke karantawa, wadda ke yin ja a cikin asid, shuɗi a cikin alkali. Ɗigawar nan da kika yi har launi ya juya kuwa, ita ce ainihin abin da za a sa su yi ranar jarrabawar gwaji, wanda suke kira taitireshan, sai dai su da bututun gilashi mai ma'auni za su yi.

Ina jaddada wannan ne domin jarrabawar kemistiri kashi uku ce: ta zaɓen amsa, ta rubutun bayani, da ta gwaji a aikace. Yara da dama a karkara sukan kai ranar gwajin ba su taɓa riƙe bututun da hannunsu ba. Ki tambayi 'yarki yau ɗin nan ko ta taɓa yi. In ta ce a'a, ki gaya wa mahaifinta ya je ya ga shugaban makarantar, ko iyaye su haɗu su nemi a yi wa yaran gwaji ko sau biyu ne kafin ranar. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinsu ne. Kuma ta riƙe ƙananan abubuwan da ke cin maki a banza: a rubuta awon bututu da lamba biyu bayan ɗigo, kamar 24.50, a maimaita awon har a samu waɗanda suka yi kusa da juna, kada a manta rubuta ma'aunin a gefen lamba, sannan a san launin ruwan shaida, wato metil oranj ja ne a asid, rawaya a alkali.

Sai ma'aunin pH, wanda wani masani ɗan Denmak mai suna Sorensen ya fito da shi a 1909. A makaranta ana koyar da shi daga 0 zuwa 14. Bakwai ita ce tsakiya, ruwa tsantsa ke nan. Ƙasa da bakwai tsami ne, sama da bakwai ɓangaren kanwa ne. Lemon tsami yana wajen 2, tumatir 4 da ɗoriya, jinin mutum kuwa yana tsakanin 7.35 da 7.45, in ya kauce daga nan sai asibiti. Abin da yara ke mantawa shi ne kowane taki ɗaya ninki goma ne, wato mai 3 ya fi mai 4 tsami sau goma, ya fi mai 5 sau ɗari. Lissafin ma ba dodo ba ne: idan aka ce HCl mai kaurin 0.01, amsar 2 ce, in 0.001 ne amsar 3.

Wannan ma'auni ba na takarda ba ne kawai a wajenmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noma rani da damina, ƙasa ba ta hutawa. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami a hankali. Inda kuma magudana ta toshe ruwa ya riƙa kwanciya yana bushewa, sai ki ga fari-fari ya fito a saman ƙasa, manoma su ce gona ta yi kanwa, shuka ta ƙi tashi. Idan malamin gona ya auna ƙasa, cikin abubuwan farko da yake dubawa akwai wannan pH ɗin. Ki gaya wa maigida haka idan ya ce karatun 'ya mace na kimiyya ba shi da amfani a gidan manomi.

Tarko biyu suka rage, zan faɗe su a gurguje. Asid mai ƙarfi daban, asid mai kauri daban. Mai ƙarfi shi ne wanda in ya shiga ruwa yake sakin furoton ɗinsa gaba ɗaya, kamar ruwan batir. Mai rauni kaɗan yake saki ya riƙe saura. Tsamiya ko kin dama ta ta yi kauri kamar kunu, mai rauni ce, ruwan batir kuwa ko an sirka shi sunansa mai ƙarfi. Na biyu, idan aka tambayi furoton nawa asid ke iya bayarwa, ba ƙirga duk H ɗin da ke jikinsa ake yi ba. HCl ɗaya, H2SO4 biyu, amma asid ɗin ruwan khal, CH3COOH, duk da H huɗu da ke jikinsa ɗaya tak yake bayarwa.

Tunda muna maganar masu ƙarfi, don Allah gwajinmu ya tsaya kan kayan miya. Ba a ɗanɗana sinadari don a gane ko mene ne. Mata da yawa yanzu suna sana'ar sabulun ruwa a gida, kuma sodar da ake amfani da ita tana ƙona fata da maƙogwaro, jiƙonta kuma kamar ruwan sha yake a ido. Kada ki zuba ta a robar lemo ko kofi, kada ki ajiye inda hannun yaro zai kai. In ta zuba a jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, kada kuma a ce za a kashe ta da lemon tsami. Karin maganarmu ba ta aiki a nan, a garzaya asibiti kawai.

Zan faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. A ganina ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da 'yan matanmu ba, lokaci ne. Na lissafa wa mahaifiyar ɗalibata yinin 'yarta: shara da wanke-wanke da asuba, boko har azahar, shanyar shinkafa da kwashewa, Islamiyya, tuwon dare, sannan a ce ta yi karatu ƙarfe goma da fitilar waya, alhali yayanta namiji yana dandali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauke mata wani abu na wata biyun nan, ko da tuwon dare ne, ki ba ta awa biyu da ba mai aiken ta, ki tabbata fitila na da caji. Ki nemo mata littafin tambayoyin shekarun baya, ko aro ne, ta riƙa amsawa tana duba agogo. Ni ma a nawa ɓangaren na dakatar wa 'yan ajin ƙarshe ƙarin sabuwar hadda, muraja'a kawai suke kawo mini har su gama. Wasu iyaye ba su ji daɗin haka ba, na kuwa yi musu bayani.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a tara kuɗin tumatir a kai inda za a rubuta wa yara amsa a allo. Ban da haramcin ha'inci, ki tuna yarinyar da ta samu kiredit ɗin kemistiri ta wannan hanya, in ta zama ma'aikaciyar jinya ita ce za ta auna ruwan allurar da za a ɗaura wa wata, wataƙila ke, wataƙila jikarki.

Bayan mako biyu na sake leƙawa gidan. Na tarar da kofuna huɗu jere a kan tabarma, ƙannen yarinyar sun kewaye su, ita kuma tana ɗiga lemon tsami tana yi musu bayani. Mahaifiyar tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta jefa mata tambaya, "To wa ya bayar, wa ya karɓa?" Yarinyar ta amsa daidai. Sai uwar ta juyo gare ni ta ce, "Malama, masu bikin nan biyu na gane su sarai. Amma Lewis ɗin nan har yanzu ban gane kansa ba." Na ce ta bar wa 'yar shi, ita dai ta ci gaba da tambaya.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.